Tsakanin Jiƙo da Allura: Yadda Tsiro Ke Zama Maganin Sankara

Akwai wata 'yar fulawa da ake shukawa don ado a harabar makarantu da asibitoci da ƙofar ofisoshi a garuruwanmu. Da ƙyar take wuce gwiwar mutum. Ganyenta kore ne shar mai sheƙi, da ɗan farin layi a tsakiya, furenta kuma mai kunne biyar, wani fari fat, wani ruwan hoda, sau da yawa da ɗigon ja a cibiyarsa. Ba ta cika neman ban ruwa ba, shi ya sa masu sayar da fulawa suke son ta. Asalinta tsibirin Madagaska ne, masana kuma suna kiran ta Catharanthus roseus. Daga jikinta ake fitar da binkiristin da binbilastin, magunguna biyu da likitoci suka shafe shekara sittin suna yaƙar sankara da su, waɗanda kuma suke cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba. Don haka duk wanda ya ce samun maganin ciwon daji a jikin itace tatsuniya ce, tarihi ya ƙaryata shi. Sai dai tarihin nan bai goyi bayan wanda zai tsinko ganyen ya tafasa ya miƙa wa majinyaci ba. Tsiro yana iya ɗauke da magani a cikinsa ba tare da shi kansa ya zama magani ba, kuma a tsakanin biyun akwai dogon aiki wanda in aka tsallake shi, da ran mutum ake caca.

A shekarar 1952 wani ɗan ƙunshin ganyen wannan fulawa ya isa hannun Dokta Robert Noble a Jami'ar Yammacin Ontariyo da ke Kanada. Daga Jamaika aka aiko shi, inda mutane suke dafa shi su sha don ciwon suga. Noble ya gwada a jikin dabbobi, bai ga suga ya sauka ba. Da aka bar ba su ta baki aka koma yi musu allurar ruwan ganyen, sai ɓeraye suka fara mutuwa. Da aka bincika, sai aka tarar fararen ƙwayoyin jininsu sun zube, ɓargonsu ya daina aiki, ƙwayoyin cuta sun samu fili sun yi yadda suke so. Da wani ne, da nan ya tsaya, ya ce ganyen guba ne. Amma akwai cutar da matsalarta ita ce fararen ƙwayoyin jini suna hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, wato sankarar jini, kuma abin da ke iya rage su abin a bi sawunsa ne. Noble da wani masanin sinadarai, Charles Beer, suka duƙufa suna tace ruwan ganyen suna rarrabe abin da ke ciki, har a 1958 suka ware binbilastin. Masu bincike a kamfanin Eli Lilly na Amurka su ma suna kan wannan ganye, suka ware binkiristin, hukuma ta amince da shi a 1963. A wancan zamani, cikin yara goma da suka kamu da nau'in sankarar jinin da ya fi addabar yara, da wuya ɗaya ya rayu. A yau a ƙasashe masu hali, kusan tara cikin goma suna warkewa, kuma binkiristin yana cikin haɗin magungunan da suka kawo wannan sauyi.

A lura da kyau, mutane sun daɗe suna shan wannan ganye, amma don wata cuta daban, wadda ma bai yi wa komai ba a gwajin Noble. Babu wanda ya gano amfaninsa ga sankara ta hanyar kurɓar ruwansa. A cikin ganyen akwai sinadarai irin waɗannan fiye da ɗari, biyun da ake nema kuwa ƙanƙane ne ƙwarai, sai an sarrafa ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a samu giram ɗaya. In an samu kuma, ba a ba da shi da cokali. Babban mutum ba a cika ba shi fiye da miligiram biyu na binkiristin a zama ɗaya ba, wato kashi biyu cikin dubu na giram. Ma'aikaciyar jinya sai ta sa safar hannu, ta nemi jijiya mai kyau, ta tabbatar jini yana dawowa cikin robar kafin ta saki maganin, tana kallon wurin har ya ƙare, domin in ya tsiyaya a gefen jijiya yana cin nama. In kuwa aka yi kuskure aka zuba shi cikin ruwan laka maimakon jijiya, kusan ko da yaushe mutuwa ce.

Ba za a gane dalilin wannan tsantseni ba sai an san abin da maganin yake yi a jiki. Jikin mutum tarin ƙwayoyin halitta ne, kowace tana rabuwa biyu in buƙata ta taso, ta tsaya in buƙatar ta biya. Sankara tana farawa ne daga ƙwayar da ta daina jin umarnin tsayawa. Kafin ƙwaya ta rabu, sai ta kafa wasu siraran sanduna a cikinta, su ja kayan gadonta rabi nan rabi can, in an gama kuma ta kwance su, kamar rumfar biki da ake kafawa da safe a tattare da yamma. Binkiristin yana hana kafa sandunan, sai rabuwar ta tsaya cak, ƙwayar ta mutu. Amma magani ba ya tambayar ƙwaya ko ta sankara ce. Duk mai saurin rabuwa yana iya taɓa ta, ko saiwar gashi ce, ko fatar cikin baki da hanji, ko ɓargo. Jijiyoyin da ke kai saƙo cikin jiki su ma da irin waɗannan sanduna suke aiki, shi ya sa masu karɓar binkiristin suke kukan sagewar yatsu da bushewar ciki. Ratar da ke tsakanin awon da ke kashe cuta da wanda ke kashe mai ita 'yar kaɗan ce, shi ya sa ake auna tsawon majinyaci da nauyinsa, a duba jininsa da hantarsa kafin kowane zagaye. Ludayi da kofin shayi ba za su iya wannan awo ba, balle ga ganyen da ƙarfinsa ya dogara da ƙasar da ya tsiro a kai, da ko da damina aka tsinke shi ko da rani, da tsawon zaman da ya yi a rana.

Labarin Taxol, wanda yau yake cikin manyan magungunan sankarar mama, ya fi nuna tsawon hanyar. A 1960 Cibiyar Sankara ta Ƙasa a Amurka ta fara aika masana tsirrai cikin dazuzzuka su tattaro duk abin da suka samu a gwada. A watan Agustan 1962 wani daga cikinsu, Arthur Barclay, ya sassaƙo ɓawon wani itace mai suna Taxus a wani daji na jihar Washington. Ba wani mai magani ne ya nuna masa ba, itacen ya faɗo ne cikin tarin abin da ake kwasa. Monroe Wall da Mansukh Wani, wanda haifaffen Indiya ne, suka ware sinadarin da ke aiki, suka bayyana sifarsa a 1971. Daga nan ya yi shekaru ba mai waiwayarsa sosai, domin ba ya narkewa a ruwa, samun sa kuma da wuya. Sai a 1979 Susan Horwitz ta gano cewa aikinsa kishiyar na binkiristin ne: yana barin ƙwaya ta kafa sandunanta, sannan ya hana ta kwance su, sai ta maƙale ta mutu. Wannan ya farfaɗo da sha'awar masu bincike. Don a iya zuba shi a jijiya, sai da aka narka shi cikin wani abu da aka sarrafa daga man zurma, shi kuma ya zo da tasa matsalar, yana tayar wa wasu majinyata da jiki har numfashi ya sarƙe, sai da aka koyi ba da maganin kariya tukuna. Ga itacen ba ya saurin girma, saɓule masa ɓawo kuma kashe shi ne, jinyar mutum ɗaya tana iya cinye itatuwa uku ko fiye. Sai da masana suka gano yadda za su haɗa maganin daga ganyen danginsa, daga baya kuma daga ƙwayoyin itacen da ake renonsu cikin manyan tankuna. An amince da Taxol a ƙarshen 1992, shekara talatin bayan sassaƙen farko. Shi kuwa itacen, wanda ya ci ganyensa kai tsaye zuciyarsa ce za ta iya tsayawa, domin akwai wata gubar daban a cikinsa.

Wancan shiri na Amurka ya gwada tatattun ruwan tsirrai fiye da 100,000 cikin kimanin shekara ashirin, waɗanda suka kai ga zama magani kuwa ba su cika yatsun hannu ba. Har waɗanda suka kai ɗin ma, da yawansu ba a yadda Allah ya halicce su a jikin itace ake amfani da su ba. Wall da Wani sun ware kamtotesin daga wani itacen ƙasar Sin a 1966, aka gwada a jikin mutane a farkon shekarun 1970, aka dakatar saboda yana ƙona mafitsara har a yi fitsarin jini. Sai da aka fahimci yadda yake aiki aka gyara sifarsa, sannan aka samu irinotekan da tofotekan, waɗanda aka amince da su a Amurka a 1996, na farkon yana cikin ginshiƙan maganin sankarar hanji. Itofosayid, wanda ake ba masu sankarar maraina da wata irin ta huhu, gyararren sinadari ne daga saiwar wani tsiron Amurka mai guba. A nan Afirka ma, a 1972 an ware metansin daga wani tsiron ƙasar Habasha. Ƙarfinsa ya ba masana mamaki, amma a jikin mutane cutarwarsa ta fi amfaninsa, aka ajiye shi. Bayan shekaru sai aka gano dabarar ɗaure wani jikansa a jikin wani sinadarin garkuwa da ke neman ƙwayar sankarar mama ta musamman, ya kai gubar inda ake so. An amince da wannan haɗi a 2013 da sunan Kadcyla, shekara 41 bayan farawa.

Da wannan ma'auni ya kamata a karanta labaran da ke yawo a rediyo da wayoyi, cewa an gano ganye kaza yana kashe ƙwayoyin sankara. Sau da yawa labarin ba ƙarya ba ne, amma ba a faɗi inda aka yi kisan ba. A cikin ɗan faranti aka yi shi a ɗakin gwaje-gwaje, inda aka zuba ruwan ganyen kai tsaye a kan ƙwayoyin. A irin wannan faranti, ruwan gishiri mai kauri ma yana kashe su. Jikin mutum kuwa yana da hanji da zai iya ƙin tsotse abin, da hanta da za ta wargaza shi, da ƙoda da za ta fitar da shi, da gaɓoɓin da zai iya lalatawa kafin ya isa ga ƙarin. Kurkum misali ne mai kyau. An rubuta dubban takardun bincike a kan sinadarin da ke ba shi launi, amma kaɗan ƙwarai yake shiga jini in an ci, kuma har yau babu babban gwaji a jikin mutane da ya tabbatar yana warkar da sankara. Haka zancen yake ga zogale, da 'yan gidan gwandar daji, da sinadarin habbatussauda: akwai sakamako mai sa rai a faranti da jikin ɓera, babu hujjar warkarwa a jikin mutum. Ba ina taɓa matsayin habbatussauda a zukatan Musulmi ba ne, da mai sayarwar da ke cewa kwalbarsa ta isa ta maye gurbin tiyata nake. Bayan ɓera, sai a gwada a jikin mutane kaɗan don a san awon da jiki zai ɗauka, sannan a wasu don a ga ko ƙarin yana raguwa, sannan a ɗaruruwa ko dubbai da aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a kwatanta sabon da wanda ake da shi. Cikin magungunan sankara goma da suka kai ga gwajin mutane, ko ɗaya ba ya cika tsallakewa.

Za a ce, to ko bai warkar ba ai ba zai cutar ba, tunda daga ƙasa ya fito. Wannan magana ta fi kowace yaɗuwa, kuma ta fi kowace rauni. Manomi ya san tunya da tumfafiya, uwar gida ta san abin da rogo mai ɗaci yake yi in ba a jiƙa shi ba. Irin gubar da ke cikin rogon nan ce ma take cikin letiril, wani abu da aka riƙa fitarwa daga ƙwallon wani ɗan itace ana sayarwa a Amurka da Meziko a shekarun 1970 da sunan maganin sankarar da likitoci suke ɓoyewa. Da surutu ya yi yawa aka gwada shi a kan majinyata 178 ƙarƙashin jagorancin asibitin Mayo, aka fitar da sakamako a 1982: bai warkar ba, bai tsayar da cutar ba, bai tsawaita rai ba, wasu kuma sun nuna alamun gubar a jininsu. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata fiye da ɗari suka samu ciwon ƙoda mai tsanani bayan shan haɗin rage ƙiba da aka cakuɗa da wani tsiro mai suna Aristolochia. Cikin 39 da aka cire wa matattun ƙodoji aka duba, an samu sankara a 18. A yau sinadarin wannan tsiro yana cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, kuma 'yan gidansu suna tsirowa a ƙasarmu, duman dutse ɗaya ne daga ciki. Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne abin da ya faru a Finlan. An lura masu yawan cin kayan lambu ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba, sai aka zaci sinadarin da ke ba karas launi ne sirrin. Aka ba maza masu shan taba kimanin 29,000 ko dai ƙwayarsa ko wadda ba shi a ciki. Da sakamako ya fito a 1994, sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a cikin waɗanda suka sha. Karas ɗin kansa lafiya lau ne, amma da ba a yi gwajin ba, da har yau ana ba mutane abin da ke ƙara musu cuta da kyakkyawar niyya.

Hujja ta biyu ta fi shiga rai, domin daga bakin mutanen kirki take fitowa: mun ga wance da idonmu, an ce tana da daji, ta sha jiƙo ta warke. Ban ɗauki masu faɗin haka maƙaryata ba. Tambayar ita ce, wa ya tabbatar sankara ce? Yawancin ƙullutun da ke fitowa a maman mace, musamman budurwa, ba sankara ba ne. Akwai maruru, akwai kumburin mai shayarwa, akwai gyambon da ke warkewa in an tsaftace shi, akwai kaluluwar da ke sauka da kanta. Likita ma ba ya yanke hukunci da ido ko da taɓawa, sai an yanki ɗan nama an kai wa masanin da zai duba shi a madubin likita. Wata kuma an riga an yi mata tiyata ko ta karɓi kemo, wato maganin sankara na asibiti, ta koma gida ta sha jiƙo, sai yabo ya tafi ga abin da aka sha a ƙarshe. Sannan wadda ta warke tana nan tana ba da labari a gidan suna, waɗanda suka sha jiƙon nan suka rasu kuwa an ce kwana ne ya ƙare, ba wanda ya ƙidaya su. Inda aka ƙidaya, abin ba daɗin ji. Masu bincike a Jami'ar Yale sun bi bayanan mutum 281 da aka tabbatar suna da sankarar da ba ta bazu ba, waɗanda suka bar maganin asibiti suka riƙe wasu hanyoyin kaɗai, suka kwatanta su da 560 da suka karɓi na asibiti. A rahoton da ya fito a 2018, haɗarin mutuwar rukunin farko ya ninka sau biyu da rabi, a sankarar mama kuwa fiye da sau biyar.

Akwai masu cewa kamfanonin Turawa sun san maganin, ɓoyewa suke yi don ganye ba ya kawo kuɗi. Ba sai an wanke kamfanonin magani ba kafin a ga ramin da ke cikin wannan zance, don suna da laifuffukansu, tsadar sababbin magunguna ma kaɗai ta isa. Amma Taxol ya kawo wa kamfanin Bristol-Myers Squibb fiye da dala biliyan ɗaya a shekara a lokacin da yake tashe. Wanda ya ɗanɗana wannan ba zai ga ganye mai warkarwa ya kau da kai ba, rige-rigen mallakarsa za a yi. Ƙorafin da ke da tushe daban ne: an kwashi tsirrai da ilimin mutane daga ƙasashe matalauta, an yi arziki da su, masu abin ba su ga komai ba, kuma fulawar Madagaska tana cikin misalan da aka fi kawowa. Don magance irin haka aka ƙulla yarjejeniyar Nagoya a 2010, wadda ta ce a nemi izini kuma a raba amfani. Mai wannan ƙorafi ya riga ya yarda cewa binciken yana haifar da abu mai daraja, abin da yake nema shi ne a yi shi da mu, a kuma ba mu rabonmu.

Hujjar da ta fi kowace nauyi ba ta ilimi ba ce, ta aljihu ce. Magidanci a ƙauye wanda matarsa ta ji ƙullutu a mama, asibitin da ke da masanin sankara yana iya zama tafiyar yini daga gare shi, gwaje-gwaje kaɗai su cinye kuɗin amfanin gonarsa, na'urar gashin sankara kuma kaɗan ce a ƙasar, ga layi. Mai magani kuwa yana nan kusa, yana jin yarensa, yana saurarensa, yana karɓar biya kaɗan-kaɗan. Wanda ya zargi wannan magidanci da jahilci bai yi masa adalci ba. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta nuna ana samun sababbin masu cutar fiye da 120,000 a Najeriya a shekara, kusan 80,000 kuma suna rasuwa, kuma likitocinmu sun daɗe suna kukan cewa yawanci sai cuta ta ci jiki ake zuwa. Amma tsadar asibiti ba ta ƙara wa jiƙo ƙarfi. Abin da watannin jiƙo suke cinyewa shi ne lokacin da ƙaramar tiyata za ta iya isa, kuma sau da yawa har da kuɗin da za a yi ta. A dubi sankarar nan ta yara da ke kumbura muƙamuƙi ko ciki, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, kuma ta fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da namu. Tana iya ninka girmanta cikin kwana ɗaya ko biyu, amma tana cikin masu saurin jin magani, binkiristin kuma yana cikin haɗin da ake ba ta. Magani ne tsoho, mallakar kamfani a kansa ta daɗe da ƙarewa, ana yin sa da araha a Indiya. Yaron da ya rasa shi ba don ilimi ya gaza ba ne, don maganin bai iso inda yake ba ne, ko shi bai iso da wuri ba. Nan ya kamata fushinmu ya nufa, ga gwamnatoci da tsarin inshorar lafiya.

Da yawa kuma suna haɗa biyun, kemo da rana, tsimi da dare, ba tare da likita ya sani ba. Wannan ma yana da nasa haɗarin, domin hanta ɗaya ce take sarrafa duka. A 2002 masu bincike a ƙasar Holan sun nuna cewa wani ganye mai suna Hypericum, wanda Turawa suke sha don damuwa, yana rage ƙarfin irinotekan a jini da kimanin kashi 40 cikin ɗari. Wani ganyen akasin haka yake yi, ya hana magani fita har ya taru ya zama guba. Majinyaci ya faɗa wa likitansa duk abin da yake sha. Likita kuma ya yi tambayar cikin mutunci, domin wanda aka yi wa tsawa sau ɗaya ba zai sake faɗa ba, zai dai ci gaba da sha.

Duk wannan ba kira ba ne a juya wa dazuzzukanmu baya. Yawancin tsirran duniya ba a yi musu binciken ƙwaƙwaf ba, na yankinmu kuwa sun fi zama a baya. Daga wani itacen Afirka ta Kudu, ɗan gidan su geza da taramniya, aka ware kombiretastatin, wanda ke toshe hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙari, kuma an kai shi har gwajin mutane, ko da yake bai samu amincewa ba. A 2007 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun wallafa binciken da suka yi a tsakanin masu maganin Hausawa da Fulani kan tsirran da suke ba masu daji da kumburi. Irin wannan rubutu shi ne matakin farko, kuma yana da gaggawa, don tsofaffin da suka san itatuwa suna tafiya, itatuwan kuma gatari yana cin su. Matsalar ita ce bincikenmu yakan tsaya a faranti da ɓera, ɗalibi ya samu digiri, malami ya samu ƙarin girma, a rufe fayil. An taɓa wuce nan. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta karɓi wani haɗin gargajiya na cutar sikila, mai ɗauke da masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta ƙulla yarjejeniya da mai shi, ta daidaita awonsa, ta gwada a jikin majinyata, ya fito da sunan Niprisan, ko da yake daga baya sarrafa shi ya yi ta tangal-tangal. Sankara ta fi wannan wuya, amma hanyar ita ce dai. Kafin a kai can, ya kamata mai saye ya san cewa lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya, a mafi yawan lokuta, shaida ce ta gwajin rashin cutarwa kawai, shi ya sa ake rubuta a jikinta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwa ba, kuma dokar abinci da magunguna ta Najeriya ta hana tallata wa jama'a wani abu a matsayin maganin sankara. Ƙungiyoyin masu maganin gargajiya kuma suna da abin da za su iya yi tun yanzu ba tare da jiran kowa ba: su ɗora wa 'ya'yansu ƙa'ida cewa ƙullutu a mama, da jinin da ke zuwa wa mace bayan ta daina al'ada, da gyambon da ya ƙi warkewa, da kumburin fuskar yaro, ba a fara musu jiƙo sai an tura su asibiti an auna.